Neman shawara: 'ya'yan tarwadata sun ƙi girma daidai, ko cunkoso ne?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwon kifi. Ina da tafkin ƙasa na renon 'ya'yan tarwada, tsawonsa mita 10, faɗinsa mita 10. Da ƙyanƙyasa ta yi kyau sai na zuba kusan 30,000 a ciki, don ba ni da wani wurin. Yau sati huɗu ke nan. Jiya na sa raga na ɗebo, sai na ga 'yan kaɗan sun kai tsawon yatsana, mafi yawa kuwa ba su wuce tsinken ashana ba. Ɗaya daga cikin manyan har da wutsiyar ɗan'uwansa a baki. Da asuba kuma suna taruwa a saman ruwa suna haki. Ban taɓa rage musu abinci ba, abin yana damuna matuƙa. Ina kuskuren yake?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Lissafa da kanka: 30,000 a murabba'in mita 100, kowane murabba'in mita yana ɗauke da 300 ke nan. A tafkin ƙasa da ba a hura masa iska, akan zuba 50 zuwa 100 ne. Dalili shi ne, a satuttukan farko jariran kifi sun fi dogara da ƙananan halittun da ke yawo a ruwa, waɗanda taki ke haifarwa. Idan baki ya yi yawa, cikin kwanaki kaɗan za su cinye su tas. Daga nan mai ƙarfi ne ke samun abincin da ka watsa, ya ƙara girma, ya juyo kan na ƙasa da shi. Tarwada da zarar ɗan'uwanta ya shiga bakinta, to ya zama abinci. Kada ka yi mamaki idan ka ƙirga ka tarar adadin ya ragu sosai ba tare da ka ga gawa ko ɗaya ba.

Amsa ta biyu:
Malam, ni hakin asubar nan ya fi tsorata ni. Da dare ganyen ruwa ba ya samar da iskar oksijin, sha yake yi shi ma, shi ya sa take yin ƙasa gab da wayewar gari. Babbar tarwada tana iya shaƙar iskar waje, amma ƙanana ba su gama samun wannan ƙarfin ba. Ga kashinsu da ragowar abinci suna ruɓewa suna tara amoniya, wani sinadari mai guba ga kifi. Don haka ƙara abinci yanzu ƙara musu wahala ne. Ka rage shi, ka canza wani ɓangare na ruwan a hankali.

Amsa ta uku:
Na yarda da su, amma kada ka tsorata ka koma zuba 'yan tsiraru. Tarwada idan ta yi kaɗan a fili mai faɗi takan kama wuri tana cizon 'yan'uwanta. Abin da ya cece ni shi ne warewa: duk sati ina fitar da manyan, in kai su wani wuri daban. Da sanyin safiya nake yi, kafin su ci komai, hannu a jiƙe, kuma ba na barin su su daɗe a cikin raga.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Ba ni da tafki na biyu, sai tankin roba guda ɗaya. Manyan zan kwashe zuwa can ko ƙananan?

Mai amsa ta farko:
Manyan, ɗan'uwa, su ne kaɗan, kuma sun fi jure ɗauka. Ka cika tankin da ruwan da zafinsa ya yi daidai da na tafkin, ka rufe samansa da raga don suna tsalle. Ƙananan da suka rage, in har sun fi ƙarfin wurin, ka rage su ma tun kafin su tsumbure.