Idan halitta tana nuna halin Allah, to zakanyar da ta kama barewa fa?

Uwar_Biyu:
Salama 'yan'uwa. Dan Allah ku taimaka min, tambayar nan ta hana ni sukuni tun jiya. Muna kallon shirin namun daji a talabijin ni da ɗana, shekararsa 9, sai ga zakanya ta cafke wata 'yar barewa da ko tsayuwa bata gama iyawa ba, uwar tana can gefe tana kallo ba yadda zata yi. Yaro ya yi tsit, can sai ya ce Mama, ba ke kika ce in mun dubi halitta za mu ga yadda Allah yake ba, to wannan fa? Ni dai na ce masa dare ya yi je ka kwanta. Kullum Zabura 19 nake karanta masa, sammai suna shelar ɗaukakar Allah, ina nuna masa taurari da furanni, amma gaskiya ban taɓa shirya wa wannan ba. Me zan faɗa masa?

Ɗan_Kwaya:
Mama sannu, yaronki yana da kai sosai. Ni abinda na fahimta a Romawa 1:20 shine manzo Bulus, wanda ya rubuta wasiƙar, abu biyu ya ambata da ake gani a halitta, ikon Allah madawwami da Allahntakarsa. Bai ce duk abinda dabba ta yi hoton zuciyar Allah bane. Kuma shi Bulus ɗin a sura 8 aya 22 ya ce dukan halitta tana nishi kamar mai naƙuda, wato duniyar da muke gani yanzu ba kamar ta Farawa 1 bace da Allah ya duba ya ce tana da kyau ƙwarai, zunubi ya shigo ƙasa ta fara fidda ƙaya. Ki karanta masa Ishaya 11 inda aka ce wata rana zaki zai ci ciyawa kamar sa.

Tsohon_Malami:
Ɗana ka yi ƙoƙari, amma ka yi saurin wanke hannun Allah daga maganar, shi kuwa bai nemi a wanke masa ba. Duba Zabura 104:21, 'ya'yan zaki suna ruri suna neman abincinsu daga wurin wa? Daga wurin Allah. Kuma waƙar yabo ce fa, ba makoki ba.

'Yata, je ki Ayuba sura 38 da 39 ki zauna a kai. Ayuba mutum ne da ya rasa 'ya'ya 10 a rana ɗaya, ga gyambo tun daga tafin ƙafa har ka, yana ta neman a ba shi dalili, da Allah ya tashi amsa masa daga cikin guguwa sai bai kawo furanni ba sam. Ya tambaye shi ko shi ne yake farauto wa zakanya nama, wa yake tanada wa hankaka abinci sa'ad da 'ya'yansa suke kuka, ya kawo gaggafa da 'ya'yanta ke tsotsar jini, har da jimina wadda take barin ƙwanta a ƙasa ta manta ƙafa zata iya murƙushe su, aka ce Allah ne bai ba ta hikima ba, amma in ta zabura da gudu sai ta yi wa doki da mahayinsa dariya (wannan ayar kullum sai ta sa ni murmushi). Wadda ta fi taɓa ni ita ce 38:26, yana sauko da ruwa a jejin da babu mutum ko ɗaya. Ba mai noma a wurin, ba mai cewa na gode, amma ana ruwa. Ni a nan nake ganin halinsa, yana kula da abubuwan da ba su da wani amfani a gare mu, kuma ba ya neman izininmu. Ita ma zakanyar nan tana da 'ya'ya a wani lungu da kamara bata nuna muku ba.

Ɗan_Kwaya:
Baba na ji, ban taɓa lura da 104:21 haka ba. Amma barewar fa? Ita ai bata ci ribar komai ba.

Tsohon_Malami:
Ban ce ta ci ba. Yesu ya ce a Matiyu 10:29 ko gwara ɗaya ba zata faɗi ƙasa ba tare da sanin Ubanku ba. Ka lura bai ce ba zata faɗi ba. Nishin da ka kawo daga Romawa 8 gaskiya ne, ban musa ba, ni dai bana so a koya wa yaro cewa faɗuwar rana ta Allah ce, haƙorin zaki kuma na wani ne daban.

Uwar_Biyu:
Na gode Baba, na gode ɗan'uwa. Yau da yamma na karanta masa Ayuba 39, ya yi ta dariyar jimina har da kwaikwayon gudunta a falo. Da na kai maganar gwara sai ya ce to Allah yana wurin kenan lokacin da aka kama barewar? Na ce eh. Ya ce kuma bai hana ba? Na ce eh. Ya yi shiru, sai ya ce gobe mu karanta sura 40.