Abin da babba ya hango, har da kuɗin samari?

Ɗan Layin Masallaci: Assalamu alaikum. Jiya bayan la'asar aka yi cacar baki a taron ƙungiyar unguwarmu. An tara kuɗi da sunan tallafa wa matasa, kowane gida ya ba da nasa. Kwamitin duk dattawa ne, suka yanke a sayo kekunan ɗinki. Wani ƙanenmu ya ce da an tambaye su, gyaran waya da haɗa sola suke so su koya, don teloli sun cika layin. Sai ma'aji ya ce, "Zauna yaro, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." A haka taro ya watse. Abin ya tsaya mini a rai. Nan ne muhallin wannan magana?

Malamin Firamare: Wa alaikumus salam. Ba nan ba ne. Ana faɗinta ne in ana jan kunnen yaro daga haɗari. Wanda zai zauna a shago shi ya kamata a fara tambaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Baban Gida: Malam, a yi wa dattawa adalci. Kuɗin nan amana ne. In ya salwanta, su za a tsare a ƙofar masallaci, ba yaran ba.

Maman Biyu: Ku bari in ba ku labarin kakata, Allah Ya ji ƙanta. Ta ce a ƙauyensu samari na da asusun kansu. In sun yi noman gayya aka ba su goro da 'yan kuɗi, sai su zuba wurin sarkin samari. Wata shekara kuɗin ya taru, suka ce za su kira makaɗa a yi kokawa bayan kaka, har sun aika wa 'yan ƙauyukan kusa. Mai gari ya tara mutane. Wani tsoho ya ce shi bai yarda da yadda damina ta ɗauke ba, a sayi gero tun yana da araha. Samari suka yi ta gunaguni, ita kanta kakata tana amarya lokacin, ta ce har zanen zuwa kallo ta tanada. Aka sayi gero. Sai ga farin 1973, shanu na mutuwa, mutane na barin garuruwansu. Geron nan shi ya riƙe gidaje da yawa.

Baban Gida: To kun ji! Allah Ya saka wa tsohon nan.

Maman Biyu: Baba, ban ƙarasa ba. Ta ce ba a taɓa kuɗin ba sai da sarkin samari ya koma ya shawo kan yaransa, kwana biyu ana ja-in-ja. Su suka je kasuwa suka yi ciniki, su suka gina rumbun, kuma kwanon awo a hannunsu ya zauna. Ko mai gari sai ya aiko a auna masa. Amma fa ita ma in mun yi mata gardama, rimin nan take jefo mana.

Ɗan Maraɗi: Mu ma a Nijar haka ƙungiyar matasa ta Samariya take zamanin shugaban ƙasa Kunce. Samari ke gyara hanya, su gina aji, kuma da shugabanninsu ake zama.

Mai Shayi: Yanzu ai ko ka hau rimin sai ka tarar wani mai girma ya riga ka, yana ƙirga kuɗin mazaɓa a kan reshe.

Direban Adaidaita: Namu ya raba wa matasa baro da buhun lemo, kuɗin masu hoto ya fi kuɗin kayan.

'Yar Jami'a: Kuna dariya, ni abin ciwo yake mini. A 2018 aka sa hannu a dokar da ta rage shekarun takarar majalisar wakilai daga 30 zuwa 25. Ɗan shekara 25 zai iya zama a zauren da ake amincewa da kasafin kuɗin Najeriya, amma a unguwarsu ba zai ce uffan a kan keken ɗinki ba? Kuma a taron nan naku, mata nawa aka gayyata?

Malamin Firamare: Ga Usama ɗan Zaidu, Allah Ya yarda da shi. Yana matashi Manzon Allah (SAW) ya ba shi jagorancin runduna da manyan sahabbai a ciki.

Baban Gida: Shi ai tarbiyya ya samu. Gawon ma yana da shekara 31 ya riƙe ƙasar nan, ba mu musa ba. Amma yaro bai san wuta ba sai ya taka.

Mai Shayi: Baba, waɗanda suka cinye mana kuɗin taki duk da furfurarsu fa.

Ɗan Layin Masallaci: To Asabar za a sake zama. Mu nemi kujera biyu a kwamiti, ko mu fara zuwa gaishe da ma'aji a gida?

Maman Biyu: Ku fara da gidan, ku tafi da yaron da aka zaunar. Ɗan Maraɗi, nawa tiyar gero a wajenku yanzu?