Mai Guduma Ya Cika Mana But da Duwatsu

Mai Guduma:
Salamu alaikum 'yan zaure. Ni ne ɗalibinku na aji biyu a sashen jiyoloji, wato ilimin duwatsu. Dogon hutun bana mu huɗu muka yi shi a mota ɗaya: Kano, Zariya, Jos, Yankari. Ga tawa, mai ja ya fito.

Daga Dala muka fara, jan dutse mai tama,
Maƙeran farko nan suka hura wuta, suka yi zama.
Sai Kufena na Zariya, falalensa ya miƙe yana kallon sama,
Shekara miliyan 600 da kafuwarsa, ko kusa da haka ma.

Bazazzagiya:
Ƙanena sannu, Kufena tamu ce tun kaka,
Kakanninmu sun zauna gindinsa kafin a yi ka.
Miliyan 600? Wa ya ƙirga ya faɗa maka?
Ko ranar sunansa kai ka yanka rago da hannunka?

Mai Guduma:
Yaya, ban je suna ba, amma dutsen na da agogo,
Ƙwayar ma'adinin zarkon a cikinsa, ta fi ƙwayar gero ƙanƙanta.
Yuraniyom ɗin cikinta a hankali yake rikiɗa darma,
A auna nawa ya rikiɗa, sai shekarun su fito a takarda.
(Amsa-amon ya gudu mini a nan, a yi haƙuri. Kimiyya ba ta son kari.)

Direban Tafiya:
Ku bar batun agogo, ni ku ji nawa kuka,
Ruwan Agusta na zuba, Riyom muka tsaya a laka.
Ya fita da guduma, ƙwas-ƙwas, kamar mai daka,
Kowane ɓallin dutse sai ya ce: buɗe but ɗinka.
Bayan motar ya zauna kamar jaki da mangala,
A shingen hanya wani jami'i ya leƙa da fitila,
Ya ce: zinare ne? Muka ce tsakuwa ce, yallaɓai,
Ya dube mu ya daɗe, ya ce: ku tafi, Allah ya sawwaƙa.

Mai Guduma:
Abokina, baƙin yashin nan da ka so zubarwa,
Kuza ce, ɗauki ka ji nauyinta a tafin hannu kuwa.
Ita Turawa suka bi har Bukuru suna tonawa,
Kududdufan da ka ɗauka tafki ne, ramukansu ne suka cika da ruwa.
Dutsen Jos yaro ne, Kufena ya girme shi da tazarar yawa,
Miliyan 160 da 'yan kai, a dangin duwatsu ai bai daɗe ba da yayewa.

Ɗan Bauchi:
A maɓulɓular Wikki ta Yankari ne kaɗai na ga ya ajiye guduma,
Ruwa garai-garai, digiri 31, ko sanyi ko zafi haka yake zama.
Muna iyo yana bayani: ruwan can ƙasa ya nutsa ya ɗuma,
Na danna kansa ciki, ya taso da tsakuwa a hannun dama.

Autar Gida:
Yaya, albishirinka, amma kada ka yi fushi,
Dutsen Riyom ɗinka mai lamba, Inna ta ga kyansa ta ɗauke shi.
Guda uku ta jera a tsakar gida, tukunya na kansu,
Tuwon daren jiya da ka yi ƙari, a kansu aka tuƙa shi.