Wai don tsutsa aka haramta alade?

Nura: Salam jama'a. Wlh ku ga ikon Allah, jiya na kalli bidiyo an zuba Coke a kan ɗanyen naman alade sai ga tsutsotsi suna ta fitowa. Abin da Turawa sai yanzu suka gano, Alƙur'ani ya faɗa tun shekara 1400 da suka wuce. Dalilin haramta alade kenan, cuta ce da shi, Yahudawa ma shi ya sa aka hana su. Wanda ya ce ba haka ba ya kawo hujja

Maman Ikram: Tab, Allah ya tsare mu. Ni har ji na yi ana cewa mai cin sa ba ya kishin iyalinsa

Dakta Hadiza: Nura ƙanina wannan bidiyon ya fi shekara goma yana yawo kuma haɗi ne, mutane da yawa sun gwada ba su ga komai ba. Tsutsar da ake magana sunanta tirikinela, a cikin tsokar nama take naɗe, ba ta fitowa tana rarrafe don an zuba lemo, sai da madubin likita ake ganinta da kyau. Cutar gaskiya ce ban musa ba, akwai ma wata tsutsar cikin ta alade da ƙwanta ke iya kaiwa ƙwaƙwalwa ya jawo farfaɗiya. Amma aikina kenan duba dabbobi, saniya ma tana da tata tsutsar cikin, tana da tarin fuka, tana da cutar da ke sa ta ɓari kuma ta kama mutum ta ɗanyar madara, ga antaraks da ke kashe mutum cikin kwanaki. In don cuta ne to da shanu sun shiga layi

Nura: Haba Anti Dakta, yanzu saniya za ki haɗa da alade?

Dakta Hadiza: A hukunci a'a, a cuta e. Kuma ka lura sai 1835 aka fara ganin tsutsar nan a Landan a jikin gawar mutum, sai 1860 wani likita a Jamus ya nuna cewa ta naman alade take kama mutane. Kuma dahuwa mai kyau tana kashe ta

Nura: To ai abin da nake faɗa kenan! Su sai 1860, mu tun tuni. Mu'ujiza kenan

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Malam Nura niyyarka mai kyau ce amma ka ɗora gini a kan yashi. Wurare huɗu Alƙur'ani ya kawo haramcin nan, Baƙara aya ta 173, Ma'ida aya ta 3, An'am aya ta 145, Nahli aya ta 115, biyu a Makka biyu a Madina, tare da mushe da jini da abin da aka yanka don wanin Allah. A cikin An'am ne aka ce rijsun, wato ƙazanta. Babu inda aka ce tsutsa. Malaman usulu, wato tushen fiƙihu, suna raba illa, wato ainihin dalilin da aka ɗora hukunci a kansa, da hikima, kuma ƙa'idarsu ita ce hukunci yana tafiya da illarsa, in ta kau ya kau. To in ka ce tsutsa ce illar, gobe wani ya kawo maka aladen da aka kiwata a ɗaki mai tayil, likita ya duba ya ce lafiya lau, aka dafa ya yi lugub, me za ka ce masa? Ya halatta kenan? Babu malamin da ya taɓa faɗin haka

Maman Ikram: Allah ya gafarta malam to maganar kishin fa?

Malam Sani: Hajiya ba aya ba ce ba kuma hadisi ba, zance ne da wasu suka faɗa a matsayin hikima. Kar mu jingina wa addini

Nura: Amma malam ai kowa ya san alade kashi yake ci, ƙazantar kenan da ayar ke nufi

Malam Sani: Kazar gidanku me take tsattsaga a bayan gida? Akwai babi guda a fiƙihu kan dabbar da ke cin najasa, jallala ake ce mata, tsare ta ake yi a ba ta abinci mai tsabta na wasu kwanaki sannan a yanka a ci. Alade ko shekara ka tsare shi kana ba shi dabino da madara yana nan a haramun ɗinsa

Bitrus: Barkanku dai. Ku bari in sa baki tunda an ambaci Yahudawa, littafin nasu muna karanta shi a coci. Littafin Firistoci sura 11 da Maimaitawar Shari'a sura 14, ƙa'idar a fili take: dabbar da za a ci sai ta haɗa abu biyu, rababben kofato da yin tuƙa. Alade kofatonsa a rabe yake amma ba ya tuƙa, shi ya fitar da shi. Kuma ba shi kaɗai aka lissafa ba, a wuri ɗaya aka hana raƙumi da zomo da rema. Ba a ce uffan kan ciwo ba. To Nura in cuta ce dalili, wace cuta ce a raƙumi da aka hana Bayahude aka bar ka kana cin kilishinsa?

Nura: Hhh Bitrus kai dai kare kasuwarku ta aladu ta Katsit kake yi

Bitrus: Kasuwa kam tana ci, tireloli ake lodawa zuwa kudu, amma ni ko ci ba na yi, babata ba ta taɓa dafa mana ba. Kiristoci ma ba baki ɗaya muke ba, mafi yawa sun ɗauki wahayin da aka yi wa Bitrus manzo a Ayyukan Manzanni sura 10 a matsayin an ɗage dokar abinci, amma je ka Habasha, 'yan Otodoks ɗin can ba sa ci har yau

Abba: Tun ɗazu nake karantawa ina jira. Maganar lafiya tsohuwa ce fa, Musa bin Maimun, malamin Yahudawan nan kuma likita da ya zauna a Masar ya rasu a 1204, shi ma ya danganta abin da ƙazantar alade. Amma masu tono ƙasa abin da suka gani ya fi wannan ruɗarwa. A yankin Gabas ta Tsakiya ne fa aka fara mai da alade dabbar gida, kudu maso gabashin Turkiyya ta yau, wajen shekara 10,000 da suka wuce, kuma mutanen Iraƙi ta dā da Masar ta dā sun daɗe suna ci, an tono ƙasusuwan aladu a unguwar ma'aikata ta Amarna a Masar. Sai a hankali abin ya dinga ja baya ya zama naman talaka, ba a kai shi ɗakin bauta, har Herodotus Bagirike ya rubuta cewa a Masar makiyayin alade ba ya shiga haikali. Wato ƙyamar ta girmi duk wani madubin likita, kuma ba Bani Isra'ila kaɗai ke da ita ba

Maman Ikram: To me ya sa suka juya masa baya bayan suna ci?

Abba: Nan ne ake rigimar Hajiya. Wani Ba'amurke Marvin Harris a shekarun 1970 ya ce lissafin tattali ne kawai. Alade ba ya gumin da zai sanyaya shi, sai ya samu inuwa da taɓo, in babu taɓo ya kwanta a kashinsa, ba ya narkar da ciyawa kamar mai tuƙa, abin da mutum ke ci shi yake ci, ba nono ba gashi ba huɗa ba ɗaukar kaya. Da dazuzzukan yankin suka ragu ruwa ya yi wuya sai ya zama kaya

Isuhu: Wannan kam ni na yarda da shi don a Maraɗi na tashi. Akuya ka sake ta ta ci ƙaya ta ba ka nono, raƙumi ya yi kwanaki bai sha ruwa ba. Wa ya taɓa ganin an koro garken aladu zuwa mashekari? Kafin azahar sun zube. Makiyayi ba ya son dabbar da ba ta tafiya

Dakta Hadiza: Ta fannin jikin dabbar gaskiya ya faɗa. Amma abin da ba shi da riba ai barinsa ake yi, ba sai an haramta ba. Wa ya haramta mana kiwon dawaki a cikin ruwa? Kuma Masar da Iraƙi zafi bai hana su kiwon ba shekaru dubbai

Abba: Shi ya sa da yawa ba su tsaya kan Harris ba. Wata Baturiyar Ingila Mary Douglas ta ce a 1966 matsalar ta tsari ce, alade ya faɗo tsakanin gida biyu, kofato irin na shanu ciki ba irin nasu ba, abin da Bitrus ya kawo kenan. Sannan ga maganar bambanta kai da maƙwabci. A garuruwan Filistiyawa na bakin teku irin su Ashkelon da Ekron wajen shekara 3,000 da suka wuce ƙashin alade da yawa, a ƙauyukan kan duwatsu da ake dangantawa da Bani Isra'ila kusan babu. Sai dai kar in yi muku rufa-rufa, daga baya an samu ƙashin alade a wasu garuruwan masarautar Isra'ila ta arewa, a Yahudiya ta kudu ne ya yi ƙaranci sosai, to ba layi ɗaya miƙaƙƙe ba ne. Inda abin ya zama tuta sosai shi ne 167 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da sarki Antiyokus na huɗu ya tilasta wa Yahudawa yanka alade da cin sa, har ana ba da labarin wani tsoho Ele'azara da ya zaɓi a kashe shi da ya ci. Daga nan ƙin alade ya zama shaidar ko kai waye. A Andalus ma, Sifen ta yau, bayan faɗuwar Garnaɗa a 1492, Musulmi da Yahudawan da aka tilasta wa shiga Kiristanci da naman alade ake gane wanda bai bar addininsa a zuci ba

Nura: Abba dakata. Kana so ka ce Alƙur'ani al'adar makiyaya ya kwafa, ko wajen Yahudawa aka ɗauko? Don na san inda irin wannan bokon yake zuwa

Abba: Yaya Nura ban faɗa ba, kar ka sa min magana a baki. Ƙashi yana nuna abin da mutane suka ci ne, ba ya nuna me ya sa Allah ya yi umarni. Abin da na sani shi ne Larabawa ma kafin Musulunci ba masu kiwon alade ba ne, wani marubuci Kirista Sozomen tun ƙarni na 5 ya rubuta cewa suna kaciya kuma ba sa cin alade

Malam Sani: Maganar kwafa ba ta ma taso ba ga wanda ya karanta. Mu mun yi imani wanda ya saukar da Attaura shi ya saukar da Alƙur'ani, haɗuwa a hukunci ba abin mamaki ba ne. Kuma in kwafa ce me ya sa aka bar sauran? Aya ta 146 a An'am, wadda ke bin ta aladen kai tsaye, ta faɗi abin da aka haramta wa Yahudawa su kaɗai, har da kitsen shanu da tumaki. Su ba sa haɗa nama da madara, ba sa cin kifi mara ɓawo irin tarwaɗa, mu duk muna ci. Sannan mu an ba mu rangwamen lalura, wanda yunwa za ta kashe ya ci gwargwadon abin da zai rayu babu laifi a kansa

Isuhu: Kuma Nura duba Indunusiya da Malesiya, ruwa da daji ko ina, ƙasar da alade zai ji daɗinsa, amma da Musulunci ya shiga suka bari. Can ba zafin hamada ba ne ya hana su

Dakta Hadiza: Wani abu kuma da ke sa ni tsoron hujjar cuta, a 2009 da aka yi murar aladu gwamnatin Masar ta sa aka kashe aladun ƙasar wajen 300,000 alhali cutar tsakanin mutane take yawo, masu kwasar shara na Alƙahira da ke ciyar da su da ragowar abinci suka rasa sana'a, shara ta taru a tituna. Da sunan lafiya aka yi, lafiyar ba ta ƙaru ba

Nura: To naji. Na cire maganar Coke, na riga na tura wa mutum kusan talatin wlh sai na bi su ɗaya ɗaya. Amma ni dai har yanzu ina ganin tsutsar tana cikin hikimar ko da ba ita ce illar ba, malam ko nan ma na yi kuskure?

Malam Sani: Wannan kana iya faɗa, ka dai ce wataƙila, kar ka ce shi ne dalili

Maman Ikram: Ni tambayata ɗaya kafin ku watse, gadu fa? Don mafarautan garinmu cewa suke shi ba alade ba ne naman daji ne

Dakta Hadiza: Danginsu ɗaya Hajiya, aladen daji ne mai haure

Malam Sani: Hukuncinsu ma ɗaya, na gida da na daji duk hinziri ne. Ki gaya musu inji ni

Bitrus: Kuma shi ma ba ya tuƙa, ko wajen Yahudawa suka kai ƙara ba za su ci nasara ba