Wai mi za mu ce ma "rotil" da Hausa?

Jama'a ku taya ni. Tsohuwar Pijo 504 ta babanmu ce ta fara wani ƙwas ƙwas a gaba in ta faɗa rami, kuma a hanyar Dan Isa sai ka ji bolan, wato sitiyari, na wasa a hannunka, mota tana neman gefen hanya da kanta. Na kai ta garaji, maigidan ya ɗaga gaban da jak, ya kama tayar hagu ya girgiza ta dama da hagu, ya ce rotil ce ta mutu. Na koma gida Baba ya ce mi ya same ta, na ce rotil, ya ce yi mini Hausa yaro. Nan fa na yi tsuru.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba: wani ɗan ƙarfe ne mai kai kamar ƙwallo, yana zaune cikin ƙoƙo, yana juyawa ko ta ina, shi ke haɗa sandar da ta fito daga bolan da ƙafar mota. Akwai roba da ta rufe shi tana riƙe giris, to ranar da robar nan ta yage, yashin Maradi ya samu ƙofa, sai ya yi ta cin ƙarfen har kan ya fara rawa cikin ƙoƙon. In aka bari ya fita gaba ɗaya kana cikin gudu, tayar ta daina jin maganarka, Allah ya kiyaye.

Wani malamin lakwal a nan ya ce ai a Faransanci rotil shi ne ƙoƙon gwiwa, don haka mu ce gwiwar mota kawai. Malam na gode, amma gwiwa gaba da baya kaɗai take lanƙwasa, wannan kuwa har gefe yake zuwa, ya fi kama da ƙashin ƙugu ko na kafaɗa. 'Yan uwanmu na Jibiya da Katsina sun ce su tayarod suke cewa, to wannan ai an gudu ba a tsira ba, mun bar Faransanci mun faɗa Ingilishi. Wata baiwar Allah ta kawo turmi da taɓarya, wallahi na yi dariya kuma siffar ta fito, sai dai ka je shagon kayan mota ka ce a ba ka taɓarya ka ga yadda za a kalle ka.

Ni dai "gaɓar tuƙi" ta fi kwanta mini. Gaɓa dai mahaɗi ce mai motsi, "tuƙi" kuma ya raba ta da ɗayar rotil ɗin ta ƙasa mai riƙe da ƙafa, wadda ita sai mu ce gaɓar ƙafa. Na gwada ma Baba, nan take ya ce ashe targaɗe motar ta yi, ya tambaya ko an ɗora ta. Na ce wannan ba a ɗori, sabuwa ake sawa, duk da akwai masu bubbuga ƙoƙon da guduma ya matse, kwana kaɗan rawar ta dawo.

An canza ta jiya, makanikin ya ƙirga zagaye nawa tsohuwar ta yi kafin ta fita, ya mayar da sabuwar daidai haka, amma ya ce dole gobe in kai a yi paralelisim in ba haka ba taya za ta cinye gefe guda. Shi kuma wannan na ce ma Baba saitin ƙafafu, bai yi musu ba.