Bincike ya tabbatar, amma ɗakin haihuwa bai canja ba: ta ina ake farawa?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Idan masu bincike sun gama aiki, sakamako ya fito, har ya shiga ƙa'idojin magani, wane taimako ya kamata a ba su don abin ya isa gadon mara lafiya? Misali allurar tiraneksamik, maganin tsayar da jini, ga matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa. Tun 2017 binciken WOMAN, mai mata sama da 20,000, ya nuna tana rage mutuwar da zubar jini ke jawowa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawarar amfani da ita a shekarar. Amma har yau akwai inda ba a yin ta a kan kari. Taron bita ne mafita?

Likitan Mata:
Wa alaikumus salam, Malam. Bita maganin rashin sani ce kawai, kuma sau da yawa ba shi ne ciwon ba. Taimako na farko shi ne a buɗe wa masu binciken ƙofar ɗakin haihuwa su ga inda gizo ke saƙar. Su ɗauko fayil 20 ko 30 na matan da suka zubar da jini, su fitar da lokuta uku daga kowanne: sanda aka haihu, sanda aka gane jinin ya yi yawa, sanda aka yi allurar. Tazarar da ke tsakani za ta nuna musu matsalar.

Lokaci shi ne komai a nan. Giram 1 ake bayarwa ta jijiya, a hankali cikin minti 10, kafin a cika awa 3 da haihuwa. Idan jinin bai tsaya ba bayan minti 30, ko ya dawo cikin awa 24, a ƙara giram 1. Bayan awa 3 ba a ga amfaninta ba. To idan maganin yana ɗakin magani da ake rufewa da dare, ko ungozoma ba ta da izinin yi sai likita ya rubuta, likitan kuma yana tiyata, bita goma ba za ta gyara ba. Gyaran na shugabannin asibiti ne: rubutaccen izini na dindindin ga ungozoma, da ajiye maganin a ɗakin. Shi ya sa ake jawo shugabar ma'aikatan jinya da mai kula da magunguna tun ranar farko, ba ranar gabatar da rahoto ba.

Ungozoma:
Gaskiyarka, Likita, amma akwai abin da ya riga wannan: gane jinin. Ƙiyasin ido yana yaudara, galibi ƙasa da gaskiya yake faɗi, domin zane da katifa suna shanyewa. Binciken E-MOTIVE na 2023, a asibitoci 80 na Kenya, Najeriya, Afirka ta Kudu da Tanzaniya, nan ya kama. Ana shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai jego, da jini ya kai mililita 500 sai a yi komai a tare: murza mahaifa, oksitosin (allurar da ke sa mahaifa ta tsuke), tiraneksamik, ƙarin ruwa, duba inda jinin ke fitowa, da kiran na gaba idan bai tsaya ba. Ba a gwada ɗaya a zauna jira. Munanan sakamako sun ragu da kusan kashi 60 cikin 100, ba tare da sabon magani ko ɗaya ba.

A haɗa kayan a akwati guda, a naɗa mai dubawa duk canjin aiki, in ba haka ba wata biyu ya yi yawa za a tarar da shi wayam. Oksitosin dai firij yake so, digiri 2 zuwa 8, zafi na kashe ƙarfinsa. Tiraneksamik ba ya buƙatar sanyi, amma kada a ajiye shi kusa da allurar kashe zafi ta ƙashin baya. Kwalaben suna kama, an sha musanya su a ɗakin tiyata, kuma shigarsa ƙashin baya yana kisa.

Mai Ƙididdiga:
Hajiya ta kawo misali mai kyau, sai dai a yi hattara da ɗauko tsari a dasa kawai. Takardar duba matakan tiyata ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai abubuwa 19, ta rage mutuwa daga kashi 1.5 zuwa 0.8 a asibitoci 8 na gwajin farko a 2009. Da aka wajabta ta a lardin Ontariyo na Kanada, binciken 2014 bai ga wani canjin kirki ba. Cika takarda daban, yin aikin daban.

Don haka a auna aikin kansa: cikin matan da suka zubar da jini a watan nan, nawa aka yi wa allurar, kuma bayan minti nawa? Kada a jira adadin mace-mace, a asibiti ɗaya bai isa ya nuna komai ba. A mayar wa ma'aikata da lissafin kowane wata, a baki da a rubuce, daga bakin abokin aikin da suke ganin girmansa, tare da abin da za a gyara kafin wata mai zuwa. Idan ya zama neman mai laifi, fayiloli ne za su gyaru, ba aiki ba.

Mai Neman Sani:
Na gode. To a kasafin bincike me za a ware wa wannan?

Mai Ƙididdiga:
Lokacin ma'aikaci ɗaya ko biyu daga cikin ɗakin da za su riƙe aikin, atisaye a wurin aiki har da masu aikin dare, da mai tattara lissafi. Leda da magunguna kuwa a shigar da su jerin sayayyar asibitin kafin kuɗin binciken ya ƙare, don yawanci a nan ne aikin ke tsayawa.