Barcin bayan asuba: magani ne ko lalaci?

Auta: Salam yan gida. Kawu kullum faɗa kake min kan komawa barci bayan asuba, to yau na samo hujja, ashe barcin da ake mafarki a cikinsa, wanda likitoci ke kira REM, yawancinsa a ƙarshen dare yake zuwa. Duk wanda baya komawa ƙwaƙwalwarsa yake cuta 😎

Kawu: Ɗan nan kenan, malalaci baya rasa hujja. Manzon Allah SAW ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta, kai kuma ka zo mana da wani rem

Anti Nas: Kawu barka da hantsi, ayi haƙuri in sa baki. Rabin maganarsa gaskiya ce. Barci zagaye zagaye yake, kowanne kamar minti 90, sau 4 ko 5 a dare, REM na farko baya wuce minti 10 haka amma na wajen asuba ya fi tsawo sosai, lokacin ido na ta motsi a rufe ƙwaƙwalwa na aiki kamar mutum a farke yake. Tun 1953 wani ɗalibi Aserinsky da malaminsa Kleitman suka gano shi a jami'ar Chicago. Babba kusan kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na barcinsa ne, jariri kuwa kusan rabi

Auta: Kun ji ko 👏👏

Anti Nas: Tsaya tukuna ban gama ba. Kawu yana kwanciya bayan isha, kafin kiran asalatu ya samu awa 7 da REM ɗinsa cif. Kai kuma jiya ƙarfe 2 na ganka kana ɗora status, to ba sammako ne ya yanke maka barci ba, waya ce

Yaya Babba: Ni fa gaba ɗaya ban yarda mafarki na da wani amfani ga lafiya ba. Akwai magungunan ciwon damuwa da ke danne REM sosai, mutane na shansu shekara da shekaru kuma basu manta sunan 'ya'yansu ba. Sannan ni bana mafarki sam, lafiyata lau

Anti Nas: Yaya kana yi, mantawa kake, in da za'a tashe ka a tsakiyarsa da ka bada labari. Maganar magani kuwa kana da gaskiya, shi yasa har yau masana ke jayayya kan ainihin aikinsa, wasu sun fi karkata ga haddace abin da aka koya wasu ga sanyaya ɓacin rai. Amma a 1960 wani mai binciken barci Dement yayi ta tashin mutane duk sanda suka shiga REM, da ya ƙyale su sai jikinsu ya rama, suka yi fiye da yadda suka saba. Jiki zai biya bashin abin da baya buƙata ne?

Yaya Babba: Mai shan sigari ma in ya kwana biyu bai sha ba ramawa yake, ramuwa ba hujja bace

Gwaggo: Ni ku bar wannan, dannau fa? shekaranjiya ya danne ni ko yatsa na kasa ɗagawa sai ayatul kursiyyu nake a zuci

Anti Nas: Sannu Gwaggo. Shima daga nan yake, a REM ƙwaƙwalwa na kashe ƙarfin gaɓoɓi don kar mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani, to wani lokacin sai ki farka jikin bai dawo ba tukuna. Rashin isasshen barci da kwanciya rigingine na ƙara jawo shi. Wanda yafi bamu tsoro a asibiti shine akasinsa, dattijon da ke naushi da shuri cikin mafarki, wannan a kai shi a duba don yakan riga cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki, bayyana da shekaru

Gwaggo: To addu'ar dai bazan bari ba

Kawu: Kar ki bari. Auta kai kuma in barcin ne bai isheka ba ga ƙailula nan bayan azahar. Gobe ƙarfe 7 ina jiranka a shago, da rem ɗinka ko babu

Auta: Anti ki ce wani abu mana 😭

Anti Nas: Ina duty